Jar Motar da Mati Ya Ɗauko daga Kwatano

Mati Direba ya haura shekara arba'in bai taɓa mallakar ko keke ba, alhali babu irin motar da bai zauna a bayan sitiyarinta ba. Mutumin Unguwar Gawo ne, wani ƙauye tsakanin Makoda da Bici, inda gonaki suka matse juna har mai noma a wannan yana jin tarin mai noma a waccan. Su biyu ne maza a wurin mahaifinsu, shi da yayansa Malam Abdulƙadir. Da tsohon ya rasu aka raba gado, kowa ya tashi da 'yar gonar da ba ta ciyar da gida daga kaka zuwa kaka. Mati ya samu ƙarin wani fili mai tsakuwa a bakin hanya, wanda gero ma da kyar yake fita a cikinsa.

Malam Abdulƙadir mutum ne mai zama wuri ɗaya. Safe da yamma yana karantar da yaran unguwa a zaurensa, tsakani kuma yana gona. Mati kuwa tun yana saurayi ƙafarsa ba ta son ƙasar gida. Ya fara da kwandastan bas a hanyar Bici zuwa Kano, ya koyi tuƙi, daga nan wani Alhaji mai sayar da motoci a birni ya yaba da hannunsa ya ɗauke shi. Aikinsa shi ne ya tafi Kwatano tare da sauran direbobi, a miƙa wa kowa makulli, su taso a jere ta cikin Nijar har su shigo gida. Ya kusa shekara ashirin yana wannan. Ya lallaɓo motar wani kamar ƙwai, ya sauke ta a gaban mai ita, a ba shi ladansa, ya hau ta haya ya dawo ƙauye da burodi da sabulu a leda.

Ladan ba wani mai kauri ba ne, amma Mati ba ya shan komai, ba ya yawon banza. Da shi ya auri Hure, ya yi wa ɗakinta rufin kwano, ya sayi bijimai biyu na huɗa. Bijiman nan su ne ƙashin bayan gidajen biyu. Su ke huɗe gonarsa da ta yayansa, sannan a yi wa maƙwabta aikin kuɗi da su. Hure na soya ƙuli-ƙuli tana matse man gyaɗa, 'yarsu ta fari Maijidda har ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai ta Bici. Ba su da arziki, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidan ba.

Abin da ya fara damun Mati shi ne jikinsa. Baya ya soma ciwo, ido ya soma yi masa hazo in rana ta yi tsakiya. Matasan direbobi sun cika tasha, masu karɓar rabin ladansa ba su ce uffan ba. Yana gani ana kiransu ana barinsa. Sai ya fara tunanin cewa kafin a ajiye shi gaba ɗaya, ya kamata sau ɗaya a rayuwa ya ɗauko mota da sunansa, ya sayar, ya sayi bas ko da tsohuwa ce ya riƙa jigila kusa da gida.

Akwai wani dillali a wurin Alhajin, Basiru, mai bakin da ke sayar da komai. Shi Mati ya fara gaya wa.

Basiru ya ce, "Malam Mati, in dai riba kake so, kada ka ɗauko irin motocin da kowa ke kawowa. Sun cika gari, ribarsu ba ta wuce kuɗin cefane. Ɗauko irin ta gudun nan, mai ƙofa biyu. 'Ya'yan masu kuɗi ba sa taya ta, makulli kawai suke tambaya. Ranar da ta sauka, a ranar zan sayar maka."

Ba ƙarya Basiru ya yi ba a lokacin. Mati da idonsa ya taɓa ganin an sayar da irinta kafin injinta ya huce. Kuma a tafiyarsa ta ƙarshe ya ga wata ja a Kwatano, ta ɗan tsufa, an taɓa gyara mata gefe, shi ya sa kuɗinta ya sauko inda hannu zai iya kai wa in an miƙe sosai.

Miƙewar ita ce ya sayar da filin bakin hanya ga wani mai son gina shaguna, ya haɗa da duk abin da ya tara, ya kuma kai bijiman kasuwa. Kafin ya kai su sai da ya je zauren yayansa, saboda da su ake huɗar gonar Malam ma.

Malam Abdulƙadir ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ita wannan motar, mutum nawa take ɗauka?"

"Biyu, Yaya. Direba da mutum ɗaya."

"Buhu fa?"

"Ba ta kaya ba ce."

"To ta mece ce?"

"Ta gudu ce. Ba ni zan hau ba, sayarwa zan yi. Kafin ruwa ya zauna na sayar na mayar da shanu, har da ƙari."

Malam ya ajiye allon da ke hannunsa. Ya ce, "Shanu naka ne, Mati, ba zan hana ka abinka ba. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ni da za ka ji tawa, da ka bari a yi huɗa tukuna."

"In na bari wani zai ɗauke ta."

"To Allah ya sa alheri."

Ranar da aka fitar da bijiman, Hure ta fito ba su abinci kamar kullum. Ta tsaya a bakin turke da kwaryar dusa a hannu, ta rasa wanda za ta ba, ta zuba wa awaki.

Mati yana hanyar dawowa da motar labari ya same shi cewa an cire tallafin mai a gida. Bai ɗauki abin da zafi ba, don ya sha jin irinsa ana yi ana fasawa. Sai da ya shigo ƙasa ya tsaya a gidan mai na farko, mai zuba man ya faɗa masa sabon farashi, ya sa ya maimaita. Abin da ya ware don ya kai shi gida har da saura, rabin tanki kawai ya ba shi. Kuma motar nan shan mai take kamar ana zubar da shi a ƙasa.

Da yake bai gama biyan kuɗin kwastan ba, yana jiran sai mai saye ya fito a cika a yi takardu, bai shiga birni da ita ba. Ya karyo ta kan burjin da ke shiga Unguwar Gawo. Motar ƙasa-ƙasa take, cikinta kusan yana shafar hanya. Duk tudu sai ya tsaya ya karkace ya haye da taya ɗaya-ɗaya, yana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashinta har cikin haƙoransa. Tafiyar da babur ke yi kafin a gama gaisawa, shi ya ɗauki rabin yini.

Ƙauyen kaf ya fito. Mata suna leƙe ta saman danga, tsofaffi suka zagaye ta suna salati. Ja ce wur, tana sheƙi har mutum yana ganin fuskarsa a jikinta, in Mati ya taɓa totur sai ta yi gurnani kaji su watse. Wani ya ce bai taɓa ganin motar da ake sunkuyawa a shige ta kamar akurki ba. Aka yi dariya, Mati ma ya yi. Ranar ya ji daɗi, babu ɓoyewa. Ya kafa mata rumfa a bayan gida kusa da rumbuna, ya lulluɓe ta da tamfol.

Bayan mako Basiru ya zo da mai saye, wani matashi mai ƙamshin turare da farar shadda. Ya zagaya motar, ya shiga ya zauna, ya tayar da ita, ya ji muryarta, fuskarsa ta nuna ya so ta. Sannan ya tambayi yawan man da take sha daga Kano zuwa Kaduna. Mati bai iya ƙarya ba, ya faɗa masa gaskiya. Matashin ya yi dariya ya kashe ta.

Ya ce, "Baba, da wata biyu da suka wuce ne, ko tayi ba zan yi ba. Yanzu kuwa motocin gidanmu ma an jere su an rufe, ɗaya ake fita da ita." Ya taya ta ƙasa da abin da Mati ya saye ta, ban da wahalar hanya.

Mati ya ce albarka. Basiru ya ja shi gefe ya ce ya karɓa, shi ya ga alamar kasuwa ba kyau. Mati ya ƙi. Ta yaya zai sayar da fili da shanu, ya ƙetare ƙasa biyu, sannan ya dawo da abin da bai kai wanda ya fita da shi ba? Ya ce zai jira abubuwa su daidaita.

Abubuwa ba su daidaita ba. Naira ta yi ta faɗuwa, kuɗin kwastan ya yi ta hawa, har abin da ya rage masa ya biya ya zama ba ya ko iya faɗarsa a gaban mutane. Sannan aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka, aikin ɗauko motoci ya tsaya cak. Alhajin da yake wa aiki ya ce kowa ya je gida sai an neme shi. Basiru da farko yana ɗaukar waya ya ce ana nan ana nema, daga baya sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka.

Ruwa kuwa ya sauka ya zauna. Masu shanu suka tsawwala kuɗin huɗa, kuma sai sun gama nasu. Mati da Malam Abdulƙadir suka koma yin kunya da hannu, da garma, kamar zamanin kakanni. Malam ya tsufa da wannan aiki, Mati kuma hannunsa ya saba da sitiyari, kwana kaɗan tafinsa ya yi bororo ya fashe. Kafin su gama gona ɗaya maƙwabta sun fara noman farko. Takin zamani kuwa ko kwano ɗaya ba su saya ba. Takin turke ma babu, tunda babu shanun da za su yi shi. Dawar ta fito siririya, rawaya, kamar mai jinya.

Rumbu ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. Kwanon masara ya kai kuɗin da a da ake sayen huɗu da shi. Gyaɗa ta yi tsadar da Hure ta sauke kaskon ƙuli-ƙuli ta kife, don in ta soya ba mai iya saye. Gidan ya koma cin abinci sau ɗaya a yini, wani lokaci tuwo, mafi yawa tafasa da zogale da ɗan gari a barbaɗa. Ƙananan yaran suka daina wasa a ƙofar gida, sai su kwanta a inuwa su yi shiru. Maijidda ta dawo daga Bici da akwatinta, ta ce an ce sai an biya kuɗin zango, ita kuma ko na mota ba ta da shi, a ƙafa ta yi rabin hanya. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki fartanya ta bi su gona.

Duk da wannan, motar tana da nata cikin. Mati ya san in mota ta daɗe a ajiye batir zai mutu, injin ya daskare, ɓeraye su shiga su cinye wayoyi. Don haka lokaci-lokaci sai ya je wurin 'yan bumburutu a bakin titi ya sayo kwalbar mai, ya zuba, ya tayar da ita ta ɗan yi zafi. Ya sayi maganin ɓera ya zagaye ta da shi. Wata rana da hantsi yana tsugune yana ɗura mata man, Hure ta zo ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Maigida, wannan kwalbar nawa ka saye ta?"

Ya ci gaba da ɗura man.

"Tun jiya da rana yaran nan ba su sa komai a ciki ba. Ƙaramin har ya daina tambaya. Kai kuma kana nan kana ba ƙarfe abin sha."

"Hure, in ta mutu mun mutu. Ita kaɗai ta rage mana."

"Ai mun riga ta. Ita ce dai ke nan da ƙiba. Ka sayar da ita ko nawa ne. Ko buhu biyar ne ka karɓa. Wallahi in na ji ƙararta gabana faɗuwa yake yi."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Mati ya rufe tankin, ya ja tamfol, ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado ya riƙe kansa.

Washegari ya sayar da akuya ɗaya, ya bar musu rabin kuɗin, ya hau mota zuwa Kano. Ya bi wuraren sayar da motoci ɗaya bayan ɗaya da hotonta a waya. Ko'ina motoci ne jere sun yi ƙura, dillalai na zaune a ƙarƙashin bishiya suna korar ƙuda. Wasu su kalli hoton su ce kyakkyawa ce, su miƙo masa wayarsa. Wasu su tambayi takardu, da ya ce da saura sai su juya kai. Wani dattijon dillali da ya san shi tun da can ya ce masa, "Mati, yanzu mai kuɗi ƙaramar mota yake nema, wadda ke shaƙar mai ba sha ba. Wannan taka ko kyauta ka ba mutum, ka ɗora masa nauyi ne."

Ya nemo gidan matashin nan mai farar shadda, ya zauna a bakin get har la'asar. Da ya fito, Mati ya miƙe ya gaishe shi kamar shi ne babba, ya ce ya amince da tayin farko, ko ƙasa da haka ma. Matashin ya ji kunya, ya ce wallahi yanzu ba hali. Ya zaro 'yan kuɗi ya ce a sha ruwa a hanya. Mati ya kalli kuɗin. Shekara ashirin bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya, ya sayi garin rogo da su ya koma gida.

Haka aka ja har gero ya fara fitar da kai. Wata ranar kasuwar Bici, Malam Abdulƙadir ya sallami ɗalibansa ya tafi gonar Mati don ya taya su cire ciyawa a cikin gyaɗa, don ta kusa shaƙe ta. Mati na gefe guda, Maijidda na ɗaya gefen, sai suka ji Malam ya yi salati da ƙarfi. Kafin su iso yana zaune a kunya ya riƙe ƙafa. Kububuwa ce, sun ga wutsiyarta tana shigewa cikin ciyawa.

Kowa a yankin ya san saran kububuwa. Jini ne ke tsinkewa, in ba a kai mutum asibiti an yi masa allura ba, sai dai wani ikon Allah. Mati ya goya yayansa ya yi gida da gudu, Maijidda ta ruga neman babur. Masu babura duk sun tafi kasuwa. Guda biyu da suka rage a ƙauyen an jingine su a soro tun da mai ya yi tsada, tankunansu a bushe. Wani ya ce a ɗaura amalanke. Wani ya ce a kira mai maganin gargajiya na ƙauyen gaba. Ƙafar Malam ta fara kumbura, ya tofar da yawu aka ga ja a ciki.

Mati ya yaye tamfol ɗin. Akwai sauran mai a tanki, da wata kwalba da ya ɓoye a bayan rumbu bai gaya wa Hure ba. Ya juye ta duka. Aka naɗe Malam aka cusa shi a kujerar gefe, aka kwantar da ita iya yadda za ta kwanta, ƙafarsa ba ta ma samu wurin miƙewa ba. Babu wurin mutum na uku. Matar Malam ta biyo su tana kuka har bakin hanya.

Damina ta riga ta cinye burjin. Inda a da tudu ne yanzu rami ne, ruwa ya yanka hanya ya bar duwatsu a tsaye. Wannan karon Mati bai tsaya karkacewa ba. Ya taka ta. Motar na tsalle tana dukan ƙasa da ciki, wani abu ya ɓalle daga gaba ya bi ta ƙarƙashi, bai waiwaya ba. A wani kwari da ruwa ya zaizaye, ta faɗa da ƙarfi kan dutse, ya ji ƙarar har cikin ƙirjinsa. Ta haye. Jim kaɗan wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari.

Ya san ma'anarta sarai. Tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin injin ta fashe, man yana zuba a hanya. Duk direba ya san in wannan fitila ta kama, a take ake kashe mota. In an kashe, gyara ne ƙarami. In an ci gaba, injin ya tafi ke nan har abada. Ya duba madubi ya ga baƙin layi yana bin su a kan jar ƙasa. Ya duba gaba, kwalta da sauran tafiya, babu kowa a hanyar sai gonaki.

Malam Abdulƙadir ya buɗe ido, gumi ya jiƙe masa gemu. Ya ce, "Mati, wannan ƙarar fa? Tsaya ka duba motarka."

"Ba komai, Yaya. Ka yi ta salati."

Ya ƙara taka totur. Injin ya fara wata irin ƙara kamar ana daka ƙarfe a turmi, wari ya cika motar, hayaƙi ya fara fita ta gefen bonet. Mati yana tuƙi yana hawaye, shi kansa bai san na wanne ba ne. Suna hango kwalta motar ta yi wata girgiza ta mutu. Ya sake ta ta gangara da sauran gudunta har tayoyin gaba suka taɓa bakin titi.

Ya fito ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu. Wata bas da ta ɗauko 'yan kasuwa ta taka birki. Fasinjoji suka matsa, aka shimfiɗe Malam a kan cinyoyin mutanen da ba su san shi ba, aka yi Bici da shi.

An isa asibiti da shi da rai. Amma allurar saran maciji tsada gare ta, kuma ba ɗaya yake buƙata ba, ga jini da za a ƙara masa. Mati ya tsaya a barandar asibiti ya kira duk lambar da ke wayarsa. A ƙarshe ya kira wani mai sayar da kayan gyaran mota a birni ya ce akwai mota a bakin titi, injin ya buga, a zo a gani. Suka zo da yamma su uku da akori-kura, ya je ya tarar da su a wurin motar. Suka buɗe bonet, suka leƙa ƙasa, suka faɗi abin da za su bayar don fitilu da ƙofofi da tayoyi da kujeru. Mati bai yi ciniki ba. Ya ce su fara ba shi a hannu. Ya miƙa musu makulli, ya hau babur ya koma asibiti, bai tsaya ya ga yadda suka ɗora ta ba.

Abin da ya karɓa ya biya magani, ya sayi buhun masara aka raba gida biyu, shi ke nan. Malam Abdulƙadir ya tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, da sanda yake zuwa masallaci, gona kuwa ya bar ta. Amfanin da aka girbe a shekarar bai kai su tsakiyar rani ba. Maijidda ba ta koma kwaleji ba, ta karɓi ƙananan ɗaliban baffanta tana biya musu karatu da safe.

Mutanen Unguwar Gawo sun daɗe suna gardama a kan motar a majalisa. Wasu suka ce asara ce tsagwaronta, fili da shanu sun tafi a kan abin da ko buhu ba ya ɗauka. Wasu suka ce ai ta biya kuɗinta, tunda ta fitar da Malam. Shi Malam Abdulƙadir yana cikin masu faɗar haka, kuma ya faɗa wa ƙanensa a gaban mutane don ya sanyaya masa rai.

Mati ya girgiza kai ya ce, "Yaya, da ban sayar da shanu ba, me zai kai ka cikin gyaɗata da fartanya? Kuma abin da ta yi, babur mai mai a ciki zai yi shi. Kada a yi mata ado. Motar kirki ce ga mai rijiyar mai da titi a ƙofar gida. Ni ba tawa ba ce, na dai ɗauko."

Malam ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ne."

"Haka ne," in ji Mati.

Yanzu yana Ungogo, yana tuƙa adaidaita sahun wani, ya biya mai shi na yini, ya biya mai, abin da ya rage ya ci rabi ya aika rabi. Wata rana ba ya ragewa. A barandar wani shago yake kwana tare da wasu direbobi, ciwon bayan ya ƙaru, idon ma haka, amma ba ya gaya wa mai adaidaitar don kada a karɓe. In Juma'a ta zo da hali yakan je gida, in babu sai ya kira.

Ranar da aka yi yayyafin farko na sabuwar damina, Hure ta ari wayar maƙwabciya ta kira shi yana tsakiyar layin gidan mai. Ta ce mutane sun fara fita da iri, su kuwa irin da suka ajiye an ci shi tun watan jiya. Ta tambaye shi me za su shuka.

Ya ce mata zai zo ranar Juma'a. Ta ce, "Da irin?" Na bayansa suka fara danna masa oda, layi ya matsa. Ya ce mata ta gaida yara, ya sa wayar a aljihu, ya fito ya tura adaidaitar gaba da hannu.